TUTA A KAN DUTSE: ME TAKE KAI WA MAMACI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa mata duwatsu su zama turaku, Ya kuma hukunta mutuwa a kan kowane mai rai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, tambayoyi sun yi ta zuwa mana game da wata al'ada da samarinmu suke gani a hotuna daga ƙasashen waje, har wasunsu sun fara sha'awar kwaikwayonta. Watau jama'a su haɗu su hau dutse mai tsawo, in sun kai ƙololuwa su kafa tuta, su ce sun yi haka ne don tunawa da waɗanda suka mutu. Masu tambaya suna son su san ko ya halatta Musulmi ya yi wannan, kuma ko akwai wani abu da yake isa ga mamaci ta wannan hanya. Za mu fara da bayanin al'adar kanta, domin malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi.

INDA AL'ADAR TA SHAHARA

A jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka akwai duwatsu 48 waɗanda tsawon kowannensu ya haura ƙafa 4,000. Bayan harin da aka kai da jiragen sama ranar 11 ga Satumba, 2001, wanda ya halaka mutum 2,977, cikinsu har da Musulmi, sai waɗansu mahaya duwatsu su shida suka ɗauki babbar tutar ƙasarsu, suka hau ɗaya daga cikin duwatsun nan mai suna Liberty, suka kafa ta 'yan kwanaki kaɗan bayan harin. Daga shekara ta 2002 abin ya zama na kowace shekara. A cikin watan Satumba ake rarraba duwatsun 48 ga ƙungiyoyin 'yan sa kai, kowace ƙungiya ta ɗauki tuta da sanda da igiya a kafaɗa, ta hau nata, a ɗaga tutocin da tsakar rana, su yi kamar awa biyu suna kaɗawa, sa'an nan a sauke a sauko da su.

Ba sai mun tsawaita ba a kan cewa kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba ta'asa ce wadda Musulunci ya la'anta, ko wane ne ya aikata ta, ko kuwa wane suna ya fake da shi. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita kisan rai guda ba da haƙƙi ba da kisan mutane baki ɗaya. Saboda haka baƙin cikin waɗannan mutane baƙin ciki ne na gaskiya, ba ma yi masa izgili. Maganarmu tana kan aikin ne, da kuma abin da yake nufi idan Musulmi ya ɗauko shi.

TUTA BA BAƘUWARMU BA CE

Kada wani ya zaci cewa tuta kayan Nasara ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da tutoci, kuma ba ya ba da su sai ga zaɓaɓɓun mutane. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Mus'abu ɗan Umairu ne ya riƙe tutar Musulmi har ya yi shahada. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, a ƙasar da ake kira Jodan a yau, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe ta har aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karɓa har aka sare hannuwansa ya faɗi, Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa shi ma ya yi shahada, sa'an nan Halidu ɗan Walidu ya ɗauka ya janye rundunar.

A nan gida ma haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tuta ya riƙa bai wa almajiransa, kuma a ƙasar Katsina mutum uku suka jagoranci jihadi da izininsa: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Na Alhaji, da Malam Ummarun Dumyawa, har birni ya shiga hannunsu a 1807. Ranar 15 ga Maris, 1903, da rundunar Turawa ta fuskanci Sakkwato, an samu mazaje da suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gudu har aka kashe su a wurin. To, al'ummar da take da irin wannan tarihi ba za a koya mata darajar tuta ba.

Amma fa a lura. A duk waɗannan wurare tuta alama ce ta masu rai: ta tara su wuri guda, ta nuna musu inda shugaba yake, ta gaya musu cewa runduna ba ta watse ba. Ba mu ji an kafa ta don ta amfani wanda ya riga ya mutu ba.

Dubi Uhudu. Ga dutse, ga shahidai saba'in a gindinsa, cikinsu har da Sayyidina Hamza, baffan Annabi, ga kuma mai riƙe da tuta da kansa. Ya tabbata cewa Annabi yana son wannan dutse. Da kafa tuta a kansa yana kai wa matattu wani alheri, babu inda ya fi cancanta da a yi sai nan. Amma abin da aka ruwaito shi ne, Mus'abu, wanda a dā babu saurayin da ya fi shi sa tufafi masu tsada a Makka, ba a samu abin da za a yi masa likkafani da shi ba sai wani mayafi gajere, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, sai Annabi ya ce a rufe kan a sa ciyawa a ƙafafun. Bayan shekara takwas kuma, kusa da wafatinsa, ya koma ga shahidan nan ya yi musu addu'a kamar mai ban kwana. Ziyara da addu'a su ne abin da ya bar mana.

Na Ja'afaru ya fi wannan bayyana. Da labarin Mu'uta ya iso Madina, Annabi ya tafi gidan Ja'afaru, ya rungumi 'ya'yansa yana hawaye, ya kuma umarci a dafa wa iyalin abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Mutumin da ya rasa hannuwansa biyu a kan tuta ke nan, amma da aka zo girmama shi, gidansa aka nufa, da tukunya a kan murhu, da hannu a kan marayu.

ABIN DA YA SA MALAMAI KE TSORON KAN DUTSE

Wani zai ce, to mene ne abin tsoro a ƙyalle da sanda? Amsa tana cikin tarihin yadda shirka ta fara. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa gumakan nan biyar na mutanen Annabi Nuhu da aka ambata a Suratu Nuhu, watau Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu a wuraren da suke zama don a riƙa tunawa da su. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da wannan ƙarni ya shuɗe, ilmi ya gushe, jikoki suka tarar da alama ba su san dalilinta ba, sa'an nan aka durƙusa mata. Tunawa ce ta haifi bautar gunki ta farko a bayan ƙasa.

Wannan ne ya sa, a kan hanyar Hunainu, da waɗansu sababbin shiga Musulunci suka roƙi Annabi ya sanya musu wata bishiya da za su riƙa rataya makamansu don neman albarka, kamar yadda mushirikai suke da tasu mai suna Zatu Anwaɗi, ya tsawatar musu, ya kamanta roƙonsu da na mutanen Annabi Musa. Shi ya sa kuma aka ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya sa an sare bishiyar da mutane suka riƙa zuwa suna salla a gindinta da zaton ita ce ta Mubaya'ar Ridwanu.

Mu Hausawa mun san wannan darasi a kan duwatsunmu. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a kan Dala, da tsafin Tsumburbura, da yadda mutane ke kawo baƙaƙen dabbobi a gindin dutsen. An ɗauki ƙarnoni ana fama kafin a raba zukatan jama'a da irin wannan, kuma har zamanin Shehu abin bai ƙare ba, shi ya sa a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan gargaɗi ga masu da'awar Musulunci alhali suna girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka. Har yau a ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a na hawa Dala, mafi yawansu don nishaɗi da kallon gari, amma malamai ba su daina tunatarwa ba, domin sun san abin da aka taɓa yi a wurin.

Ko a ƙasa mai tsarki alhazanmu suna ganin irin wannan. Mutum ya bar tsayuwa da addu'a a filin Arfa ya tafi cunkoson hawan Dutsen Rahama, alhali malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa hawansa ba ya da wata falala ta musamman. Wani ya hau Dutsen Nur ya rubuta sunansa da na iyayensa a jikin duwatsu, ko ya ƙulla zare, yana zaton an rubuta masa wani abu a sama.

Kuma tuta da tuta suna iya yin kama a ido, alhali a zuciya sun sha bamban. Ranar 29 ga Mayu, 1953, da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka zama na farko da suka kai ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, Tenzing ya ɗaga gatarinsa ɗaure da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nepal da Indiya, sa'an nan ya binne ɗan abin zaƙi a cikin ƙanƙara ya zama baiko bisa addininsa. Ɗaga tutocin shela ce ga mutane, binne abin zaƙin kuwa bauta ce. A waɗancan duwatsu mabiya addinin Buda suna ɗaura ƙananan tutoci masu launi biyar, suna ƙudurta cewa iska tana kwasar addu'o'in da aka rubuta a jikinsu tana watsawa. Saurayin da ya ga hoto kawai ba zai iya rarrabe wannan da wancan ba.

HUKUNCI

Bisa abin da ya gabata, muna ganin al'amarin ya kasu kashi uku.

Na farko, hawan dutse shi kansa halal ne. Suratul Gashiya ta kira mu mu dubi duwatsu yadda aka kafa su. Wanda ya hau don motsa jiki, ko don ya ga ikon Allah, babu laifi a kansa, matuƙar bai tozarta salla ba, bai jefa ransa cikin halaka ba, kuma an kiyaye haddin da ke tsakanin maza da mata.

Na biyu, kafa tutar ƙasa na ɗan lokaci don a tunatar da masu rai wata masifa da ta faru, ba tare da ƙudurta komai game da tutar ko dutsen ba, wannan yana cikin babin al'ada. Danginsa ne sassauto da tuta rabin sanda, kamar yadda aka yi kwana bakwai lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, da kuma ranar tunawa da mazan jiya da ake yi kowace 15 ga Janairu. Malamai sun saɓa a kan keɓe rana guda a shekara don irin wannan. Waɗansu sun ƙi shi, suna ganin ya yi kama da ƙirƙiro idi da kuma sabunta makoki, alhali shari'a ta iyakance makoki ga kwana uku, ban da matar mamaci mai takabar wata huɗu da kwana goma. Waɗansu sun sassauta, suna ganin sha'anin duniya ne da tsarin hukuma. Mu dai ba ma kafirta wanda ya yi, ba ma kiransa mushiriki, kuma muna jan kunnen masu saurin yin haka. Amma ba ma ce masa ya yi ibada, ba ma kuma ce masa ya aika wa mamaci da wani abu. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ba mu ma'auni a babin kabari: Risala ta karhanta gini a kansa, Muhtasar na Halilu ya halatta a sa dutse ko itace don a gane shi, ya kuma haramta idan don alfahari ne. Alama don ganewa daban, alama don a gani a yaba daban. Mai hawa dutse da tuta da kyamara ya tambayi zuciyarsa wanne yake yi.

Na uku, idan aka ƙudurta cewa tutar tana jawo albarka, ko tana kai saƙo ga ruhin mamaci, ko addu'a ta fi karɓuwa a gindinta, ko aka haɗa da yanka ko bakance ga dutsen, to wannan haramun ne babu saɓani, kuma ƙofa ce ta shirka. Musulmi ba ya kusantarsa.

ABIN DA YAKE ISA GA MAMACI

To, in tuta ba ta isa, me yake isa? Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa na ƙwarai mai yi masa addu'a. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta.

Ƙasar Katsina kanta shaida ce. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, akwai manyan tuddai da mutanen dā suka tara a kan kaburburan shugabanninsu, waɗanda Bature Palmer ya fara tonawa a 1907. An tara ƙasa don kada a manta, amma yau ba mai iya dafa Alƙur'ani ya ce wane ne ke kwance a ƙarƙashin kowane tudu. Ga kuma Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Marna. Ba dutse suka hau ba, karantarwa suka yi, suka yi rubutu, ga shi bayan shekara fiye da 350 unguwanni suna amsa sunansu, almajirai suna yi musu addu'a.

Amma akwai abin da yake gaban sadaka, shi ne bashi, kuma a nan ne maganar ta fi shafar masu karatun wannan fili. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake saboda bashinsa har sai an biya masa. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai sai bashi. Buhari kuma ya kawo yadda Annabi ya ƙi sallatar gawar wani mutum mai bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Suratun Nisa'i ta maimaita cewa rabon gado yana bayan wasiyya da bashi. In har jinin shahada bai wanke bashi ba, yaya ƙyalle a kan sanda zai wanke shi?

Ya kai ɗan kasuwa, abokin cinikinka ya rasu, ka je jana'iza, ka je sadakar uku, ka yi ta'aziyya da murya mai taushi. To, ka buɗe littafinka. In kuɗinsa ko kayansa suna hannunka, ko da magada ba su sani ba, ko da babu takarda babu shaida, ka kai musu, domin yanzu dukiyar marayu ce, kuma Alƙur'ani ya kamanta cinta da cusa wuta a ciki. In kai ne kake binsa, kuma ka san bai bar komai ba sai 'ya'ya ƙanana, ka yafe, ka gaya wa iyalinsa ka yafe, don hankalinsu ya kwanta. Hadisi ya tabbata a kan wani attajiri da yake umartar yaransa su sassauta wa wanda ke cikin ƙunci, Allah Ya sassauta masa.

Ya kai ma'aikacin gwamnati, fayil ɗin haƙƙoƙin abokin aikinka da ya rasu yana kan teburinka. Matarsa ta gama takaba tana sintiri, yau a ce ta dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, wani lokaci ma a nuna mata sai ta ba da na goro. Ka tsaya tsit na minti guda a wajen taron tunawa da shi, ka kuma bar fayil ɗinsa ya yi shekara a ƙarƙashin ƙura. Wanne ne daga cikin biyun za a tambaye ka ranar gobe? Ka ɗauki fayil ɗin nan da hannunka ka bi shi ofis ofis har ya fita. Wahalarsa ba ta kai ta hawan dutse mai ƙafa 4,000 ba, kuma ladansa tabbatacce ne.

Akwai kuma darasi guda da ya kamata mu karɓa daga mutanen New Hampshire ba tare da jin kunya ba, domin hikima ɓatacciyar dukiyar mumini ce. Sun ɗauki alkawari ba za su manta da mutanensu ba, kuma sun haura shekara ashirin suna cikawa, da ƙafafunsu da guminsu. Mu fa? Ƙasashen Batsari da Faskari da Jibiya da Safana sun binne mutanen da 'yan bindiga suka kashe. A watan Agusta na 2025 an far wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Mu kan yi jimami mako guda, sa'an nan hira ta koma kan farashin masara. Su waɗancan suna da himma, amma abin da suke ɗagawa ba ya isa ga matattunsu. Mu an ba mu abin da yake isa, sai himmar ta yi ƙaranci.

Saboda haka shawararmu ga samarin da suke son su tuna da waɗanda aka kashe ita ce, su riƙe haɗin kan, su riƙe ranar in sun so, su sauya inda za su nufa. Kuɗin mota da guzuri da ɗinkin tuta, in aka tara na mutum arba'in, zai biya kuɗin makarantar marayu, ko ya gyara famfon burtsatsen da ya lalace a inda 'yan gudun hijira suke zaune. Limaman unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa su rubuta sunayen gidajen da aka bar marayu, kowane mai hali ya ɗauki gida guda, a riƙa dubawa wata wata. Wanda ba shi da ko kwabo ya ziyarci maƙabarta ya yi sallama ya yi addu'a, kamar yadda Annabi yake yi wa mutanen Baƙi'a da shahidan Uhudu. In bayan wannan sun ga dama su hau dutse su sha iska su yi tasbihi, babu mai hana su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya karɓi shahadar waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya raya marayunsu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.